In bar ɗiyata a lisen gwamnati, ko in kai ta makarantar kuɗi?

Tambayar ta zo daga wata Hajiya mai sayar da atamfa a Kasuwar Dole. Ɗiyarta ta samu BEPC, jarabawar ƙarshen kwaleji, bana, an tura ta sagond C, ajin farko na lise a ɓangaren kimiyya, a wani lisen gwamnati cikin garin Damagaram. Kawun yarinyar ya ce a cire ta a kai ta makarantar kuɗi, don ta gwamnati ba komai cikinta sai yajin aiki da cunkoso. Hajiya ta ce ita ba ta yi lakkwal ba, kuɗin kuma za su samu amma da ƙyar. Tana son ta san abin da ake koyarwa a lise, wa ke riƙe da makarantar, me ke kayar da yara a BAC, jarabawar ƙarshen lise, kuma ta bar ɗiyar ko ta cire ta.

Hajiya, barka da arziki. Allah ya sa albarka a karatun yarinya, ya ba ki ladan ɗawainiyar da kika yi har ta kawo nan. Ni lissafi na koyar, a kwaleji da farko, daga baya a lise, na kuma zauna kujerar sansar, mai kula da tsarin karatu a lise, wasu shekaru kafin in ajiye aiki. Abin da zan gaya miki daga cikin aji da ofis na ɗebo shi.

Ki bar ta, aƙalla wannan shekarar ta farko. Amma kada ki bar ta ki juya baya. Kawunta bai yi ƙarya ba, akwai yajin aiki, akwai cunkoso. Sai dai in aka bi abin da ke kayar da yara har gindinsa, wanda ya fi yawa shi ne kwanakin karatu da ke zubewa ba mai ƙirga su. Ke kuwa ƙirga sana'arki ce. Matar da ke riƙe bashin mutum talatin a ka, ta san wadda ta biya rabin turmi da wadda ta ce sai ƙarshen wata, ba za ta kasa wannan aikin ba. Zan nuna miki yadda ake yi, amma bari ki fara sanin gidan da ɗiyarki ta shiga.

Yaro na yin shekara 6 a firamare, shekara 4 a kwaleji, wato CEG, ya zauna BEPC. Daga nan sai lise shekara 3: sagond, faramiyar, tarminal, ya zauna BAC. Inda aka haɗa kwaleji da lise a gida ɗaya ana ce masa CES, kuma muna da irinsu a garin nan. Tsohon babban lisen garin shi ne mai ɗauke da sunan Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga, sarkin da Faransawa suka tarar a kan gado lokacin da suka ci garin a 1899. Abin da ake koyarwa iri ɗaya ne daga Yamai har Diffa, a makarantar gwamnati da ta kuɗi, don ma'aikatar ilimi ce ke tsara shi. Jarabawar BAC ma ɗaya ce. Takardar ɗiyarki da ta ɗiyar minista za su je gaban mai gyara an ɓoye sunaye, bai san ta wane gida ba ce, bai san daga wace makaranta ta fito ba. Ki riƙe wannan, don kuɗin makaranta ba ya shiga ɗakin jarabawa.

A lise karatu na rabuwa. Sashen A na masu harsuna ne da adabi da tarihi da labarin ƙasa da falsafa. Sagond C, inda aka tura ɗiyarki, ƙofar kimiyya ce, kuma in shekara ta ƙare tana rabuwa biyu: faramiyar C, inda lissafi da fizik da shimi suka fi nauyi, da faramiyar D, inda ilimin halittu da na ƙasa, wanda yara ke ce ma SVT, ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da su. Tura ta C da aka yi alama ce cewa makinta na lissafi da kimiyya ya yi kyau a kwaleji. Na sha ganin iyaye suna matsa wa yaro ya shiga faramiyar C don a ce ɗansu na cikin gwanaye, ya je ya wahala shekara biyu ya fito ba komai. D hanya ce mai faɗi: likitanci, aikin gona, ilimin magunguna, koyarwa. Kuma jami'ar garin nan, wadda aka kafa a 2010 daga baya aka sa mata sunan André Salifou, tana da sashen kimiyya da na kiwon lafiya, yarinya na iya ci gaba tana kwana a ɗakin uwarta. Zaɓin C ko D ki bar shi sai ƙarshen shekara, a yi shi da shawarar malamin lissafinta da na fizik.

Akwai abu ɗaya na lissafin maki da iyaye da yawa ba su sani ba, har yaro ya ruɗe su da shi. Ana ba da maki bisa 20, kuma 10 ne matsakaicin da ake nema, mwayen kenan. Amma darussa ba nauyinsu ɗaya ba. Kowanne na da lambar da ake ninka makinsa da ita, ana ce mata kowefisiyan. A ce lissafi ana ninka shi sau 4, motsa jiki kuma sau 1. Yarinya ta zo miki da murna ta samu 17 a motsa jiki, alhali ta samu 6 a lissafi. Wancan 17 ya ba ta rarar maki 7 a kan 10, wannan 6 kuwa ya ci mata 16. Kamar ki ci ribar dala a ɗankwali ne ki faɗi jika a leshi. Don haka in takardar sakamako ta zo, wadda ake ba da ita sau biyu a shekara, ki sa a karanta miki makin lissafi, fizik da shimi, SVT da Faransanci tukuna, sauran su biyo baya. Wanda bai kai mwayen ba a ƙarshen shekara ana iya ba shi damar maimaita aji, amma damar ba ta da yawa, kuma wanda ya yi ƙasa sosai sallamarsa ake yi.

Sai masu riƙe da makarantar. Shugaban lise shi ne furobizar. Ƙarƙashinsa akwai sansar, wanda karatu ke hannunsa: shi ke tsara wane malami zai shiga wane aji a wace awa, shi ke shirya jarabawar aji, shi ke bin inda kowane darasi ya kai. Sai surbeyan, mai kula da tarbiyya da makara da fashi. Akwai kuma mai riƙe kuɗi da kayan makaranta. Kowane aji yana da malami guda da aka ɗora wa kula da shi. In maganar fashi ce ko wani ya dame ta, surbeyan za ki gani. In maganar malami bai zuwa ce ko darasi ya tsaya, sansar. Iyaye sukan wuce kowa su nufi ofishin furobizar kai tsaye, shi kuma ya maido su inda ya kamata su fara, sai su tafi gida suna cewa an wulaƙanta su.

Ki san kuma iyakar ƙarfin furobizar, don kada ki ɗora masa abin da ba nasa ba. Ba shi ke ɗaukar malami aiki ba, ba shi ke korarsa ba, ba shi ke biyansa ba. Hukumar ilimi ce ke turo malamai, ita ke ɗauke su, wani lokaci a tsakiyar shekara. Shi kansa malami ne aka ɗauko daga aji aka naɗa, sau da yawa ba tare da an koya masa shugabanci ba, sai abin da ya tsinta wajen na gabansa. Kuɗin da ke hannunsa kaɗan ne, shi ya sa ake dogara da gudummawar iyaye ta hanyar COGES, kwamitin kula da harkokin makaranta, don gyaran tebur da sayen alli. Duk da haka na yi aiki ƙarƙashin shugabanni iri biyu, kuma bambancinsu kamar dare da rana ne, alhali gini ɗaya, malamai kusan ɗaya. Na farko kafin ƙarfe 8 yana bakin ƙofa tsaye. Ba ya zagin kowa, gaisawa kawai yake yi, amma malamin da ya makara sau biyu ya haɗa ido da shi ba ya son na uku. Jadawalin darussa yana manne a bango tun kafin a buɗe makaranta. In shugabannin ɗalibai suka fara gunaguni, shi ke kiransu ofis kafin su busa usur. Na biyu mutumin kirki ne ƙwarai, amma kullum yana taro a wani wuri, sai makarantar ta koyi tafiya ba shi, kowa kuma ya koyi zuwa lokacin da ya ga dama. Kina iya gane irin wanda ɗiyarki ta samu ba tare da kin tambayi kowa ba. Ki bi ta ƙofar makarantar da safe sau biyu ko uku kan hanyarki ta kasuwa. In ƙarfe 8 da rabi ta yi kin ga yara cike da fili da gindin itace, azuzuwa kuma ba malamai, kin samu amsa.

Yanzu ga zancen kwanaki. A takarda, shekarar karatu daga farkon Oktoba ce zuwa ƙarshen Yuni, wata 9. A ciki akwai hutun ƙarshen Disamba da na wajen ƙarshen Maris, da makonnin jarabawar aji, waɗannan an san da su. Abin da ba a rubuta ba shi ne sauran. Makonnin farko sukan tafi wajen rajista da jiran malaman da aka turo ba su iso ba. Inda ake da azuzuwan zana, ba a iya kafa su sai damina ta ɗauke an samu kara, in ruwan farko ya sauka kuma sun tashi aiki. Waɗannan rumfunan ne suka ci rayukan ƙananan yara a gobarar Yamai cikin Afrilun 2021 da ta Maraɗi cikin Nuwamban shekarar, Allah ya jiƙansu. Sai yajin aikin malamai, sai na ɗalibai. Sai Afrilu da Mayu, zafi ya haura 40, kwano a sama, awar ƙarshe kafin azahar rabin aji na gyangyaɗi. A ce lissafi awa 5 ne a mako, mako 6 suka zube nan da can. Awa 30 kenan, babi biyu ko uku. Masu tsara tambayoyin BAC kuwa daga littafin gaba ɗaya suke ɗebowa. Yarinya mai ƙwaƙwalwa sai ta buɗe takarda ta tarar da tambayar da ba a taɓa koya mata ba, ta fito tana kuka, gida kuma a ce ba ta yi karatu ba. A mafi yawan shekarun nan, cikin ɗalibai 10 da ke zama BAC a faɗin ƙasa, waɗanda ke samu ba su kai 4 ba. Ban yarda cewa sauran duka daƙiƙai ne ba, don na koyar da su, na san su.

Kuma ɓarnar ba a tarminal take farawa ba. Babin da aka tsallake a sagond shi ne tubalin da za a ɗora na faramiyar a kansa. Iyaye sukan farka sai shekarar jarabawa, su shiga neman malamin gida da sayen littattafai, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Sagond ita ce shekarar da yara suka fi sakin jiki, sun fito daga BEPC, BAC kuma na da nisa. Ita ce kuma shekarar da na fi ganin yaran kirki sun zame.

Game da yajin aiki, zan faɗi gaskiyar kowane ɓangare yadda na san ta. Tun ƙarshen shekarun 1990 gwamnati ta koma ɗaukar malaman kwantaragi don ta iya buɗe makarantu da yawa da kuɗi kaɗan, har suka zama su ne masu yawa. Abin da ake ba su bai kai albashin cikakken ma'aikaci ba, kuma an sha yin watanni yana makara. Mutumin da mai gidan haya ke buga masa ƙofa, ba shi da na kabu-kabu, ba za ki ce masa ya shiga aji da fara'a ba. Da yawansu sun fito jami'a da ilimin darasinsu amma ba a koya musu koyarwa ba, wasu kuma masu bautar ƙasa ne da za su yi ɗan lokaci su wuce. Cikinsu na ga gwanayen da ban kai su ba. Ɗalibai su ma ƙungiyarsu ta USN tana da tarihi, tun 1960 take, kuma ranar 9 ga Fabrairun 1990 an kashe ɗalibai 3 a gadar Kennedy a Yamai, abin da ya taimaka wajen buɗe ƙofar siyasar jam'iyyu da yawa a ƙasar nan. Sau da yawa abin da suke nema gaskiya ne: malamin fizik, teburi, alli. Amma na sha gaya musu a ofis, kuma har yau ra'ayina bai canza ba, cewa ranar da suka fitar da yara daga aji don neman malamin fizik, sun yi asarar lissafi da Faransanci da SVT na wannan ranar, fizik ɗin ma ba su samu ba. Ɗan mai kuɗi yana makarantar kuɗi yana karatunsa. Ɗan talaka ne ke biya.

Cunkoso kuwa illarsa ba a zama take ba, yara sun saba da zama uku uku a tebur. A gyaran takarda take. Ɗauki malami mai aji 5, kowanne da yara 80. Aiki ɗaya in ya ba su, takarda 400 ce. In ya ba kowace minti 5, ya haura awa 33 yana gyara. To sai ya rage ba da aikin, ko ya duba amsar ƙarshe kawai ya sa maki. Lissafi da fizik kuwa ba a koyonsu da kallo, sai hannu ya yi, an nuna masa inda ya kauce. Ga kuma ɗakin gwaje-gwaje: na koyar a inda yara suka gama tarminal ba su taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, a allo aka zana musu ita.

Akwai wata matsalar da ta fi waɗannan ɓoyuwa, ita ce harshe. Ɗiyarki da Hausa take tunani, da Faransanci ake tambayarta. Na taɓa samun yaro da ya bar tambaya fari fat a jarabawa. Na kira shi na karanta masa ita da Hausa, kafin in rufe baki ya ba ni amsa daidai. Kalma biyu ne suka tsayar da shi, "en déduire", wato ka fitar da wannan amsar daga wadda ka samu a sama. Ya ɗauka sabon aiki ake nema daga farko. Irinsa suna da yawa, kuma a takardar sakamako sai a rubuta ba su iya lissafi ba. A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai fara koyar da yara da Hausa, a 1973, kuma a 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama na aiki. Ina murna da hakan. Amma ɗiyarki da Faransanci ake koya mata fizik yau, da shi za ta amsa, don haka sai ta mallake shi. Ta riƙa karanta wani abu da Faransanci kullum, ko na rabin awa ne, littafin labari ko jarida, ba kayen darasi kaɗai ba.

Ga aikinki, Hajiya. Kowane aji yana da babban kaye da malami ke rubuta kwanan wata da abin da ya koyar duk lokacin da ya shiga, ya sa hannu. Ana ce masa kaye-da-tekis. Sansar na gari yana duba shi kowane mako, kuma da shi nake gane ajin da ke tafiya da wanda ya tsaya. Ke ba za a miƙa miki shi ba, amma kina da madadinsa a gida: kayen ɗiyarki. Kowane darasi da kwanan wata yake farawa, lambobi kuma kin san su. Duk ranar Juma'a da yamma ko Asabar, ki sa ta kawo kayen lissafi, na fizik da shimi, na SVT da na Faransanci. Ki tambaye ta sau nawa ya kamata a yi kowanne a mako, ki ƙirga kwanakin da aka rubuta. Ki sami ƙaramin kaye irin na bashi, ki riƙa ja masa layi: an yi, ba a yi ba. In babu, ki tambayi dalili. Malami ne bai zo ba, yajin aiki ne, ko ita ce ba ta shiga ba? Ukun nan maganinsu daban daban ne. Sannan ki nemi jan biro. Takardar da malami ya gyara tana da ja a jikinta. In wata biyu suka wuce ba ki ga ja a wani darasi ba, wannan darasin ba a auna shi.

In kika ga darasi ya yi mako biyu a tsaye ba yajin aiki ba, ki je wajen sansar da ɗan kayenki. Ki gaishe shi, ki ce: “Mushe, na ga tun ranar kaza ba a yi fizik a ajin ɗiyata ba, na zo in ji ko lafiya.” Kada ki je da faɗa. Na rantse miki, a duk shekarun da na yi a kujerar nan, iyayen da suka zo min da kwanan wata a hannu ba su cika yatsun hannu ba, kuma kowannensu ya sa na tashi na bi maganar a ranar. Wanda ya zo da “an ce malamai ba sa zuwa” sai in ba shi haƙuri ya tafi. In kika samu uwaye uku ko huɗu na ajin kuka je tare, ko kuka kai maganar taron ƙungiyar iyaye da na COGES, ta fi nauyi, don furobizar na iya ɗaukarta ya kai gaba ya ce iyaye ne suka taso. Kuma ki riƙa zuwa taron nan. Mata sukan bar wa maza, mazan kuma su aiko da kuɗin gudummawa su yi zamansu a kasuwa.

Wani abin da za ki iya, wanda malamin gida ma ba ya yi: ki sa ta ba ki labarin darasin da Hausa kuna tuƙa tuwo. Yadda jini ke zagaya jiki, ko me ya sa fitila ke kamawa in an haɗa waya. In ta iya bayyana miki har kika gane, ta fahimta. In ta tsaya tana maimaita Faransancin da ta haddace, ba ta fahimta ba, ta koma wajen malami ko ƴan ajinsu.

Makarantun kuɗi kuwa, akwai na ƙwarai a garin nan, ba zan hana su haƙƙinsu ba. Abin da suke sayarwa na gaskiya shi ne wannan lokacin da nake ta magana a kai: ba yajin aiki, aji bai cika ba, mai makaranta na tsaye don kuɗinsa ne. Amma ki sani, da yawan masu koyarwa a can malaman gwamnati ne ke zuwa a awowin da ba su da aji, ana biyansu bisa awa. Akwai kuma waɗanda ke kumbura maki don kada uba ya cire ɗansa, yaro ya yi ta kawo 13 da 14 gida, ranar BAC ya tashi da 6. In za ki auna makarantar kuɗi, ki tambayi yara nawa ta kai BAC bara a sashen D, nawa suka samu, kuma nawa ne suka fara sagond a can shekara uku baya. Wasu sukan sallami masu rauni kafin tarminal don sakamakonsu ya yi kyau a allo. Abin da na fi jin tsoro a lamarinki shi ne kalmar da kika faɗa, da ƙyar. Na ga yaran da aka kai makarantar kuɗi, kasuwa ta juya a shekara ta biyu, aka riƙa koro su gida don bashin wata, suka rasa can, kujerarsu ta gwamnati kuma ta tafi. Kaɗan daga kuɗin nan in kika sa shi a littattafan lissafi da fizik da SVT nata na kanta, da kundin tsofaffin tambayoyin BAC, da fitila mai cajin rana saboda ɗaukewar wuta, da ɗan allo a jingine a zaure, zai yi aiki mai yawa. Yaran da na ga sun ci BAC da daraja daga lisen gwamnati kusan dukansu suna da ƙungiyar bita, su huɗu ko biyar, suna haɗuwa da yamma suna fama da allo. Ki sa a riƙa yi a gidanki, ƴan mata ƴan ajinsu, kina jin muryarsu. Ya fi miki kwanciyar rai da ta fita da dare.

Saura abin da ke cikin gida, kuma a nan sai kin yi haƙuri da ni. Yarinya a garin nan kafin ta tafi lakkwal ta yi shara, ta yi wanke-wanke, in bazara ta yi pampo ya ƙafe ta bi layin ruwa. Mun san halin garinmu, a kan dutse yake zaune, ruwansa daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Arunguza da Ganaram. Ɗan'uwanta namiji yana fada yana shan shayi. In kina son ta yi sagond C da gaske, sai an ɗauke mata wani abu. Awa biyu kullum da ba mai aikenta, ba mai kiranta, waya kuma tana hannunki. Kuɗin ɗan garuwa a watannin zafi, ki lissafa shi cikin kuɗin karatu. Tana da abin da ƴan ajinsu da yawa ba su da shi, waɗanda suka zo daga ƙauye suna zaune gidan mai masauki, wani lokaci da yunwa suke shiga aji. Don irinsu ne aka fara gina wa ƴan mata makarantun kwana, kamar ta Kelle a yankin Gure. Ɗiyarki kuwa tana gaban uwarta. Za a fara zuwa neman aurenta cikin shekarun nan uku, kin fi ni sani. Ku zauna da mahaifinta da kawun nata tun yanzu ku tsai da magana, kafin mai zuwa ya zo. Kuma ki buɗe mata ƙofa ta iya gaya miki in wani, malami ne ko ɗalibi ko mai babur a hanya, ya fara yi mata maganar da ba ta dace ba. In hakan ta faru, wannan kam ofishin furobizar za ki nufa kai tsaye, ke da mahaifinta, a ranar.

Ga lokacin da zan ce ki cire ta. In sakamakon farko ya fito wajen Fabrairu, ki ɗauko ɗan kayenki ki duba. In kin tarar lissafi ko fizik ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na kwanakinsa, kin je wajen sansar, iyaye sun yi magana, ba abin da ya motsa, to ki fara neman wani wuri don shekara mai zuwa, ko wani lisen gwamnatin ko na kuɗin da kika auna da tambayoyin da na gaya miki, kafin nan kuma ki samo mata mai cike mata babin da aka tsallake a hutun Maris. In kuwa kwanakin sun cika amma makinta ne ya faɗi, sauya makaranta ba zai gyara ba, sai a duba Faransancinta da awowinta na gida. Ki kai wa kawun nata kayen ya gani da idonsa, ku yanke shawarar tare.